Allura Ba Ta Wanke Rauni

Mutum biyu kan samu rauni iri ɗaya a rana ɗaya, a ce harsashi ya fasa wa kowannensu ƙashin ƙwauri a gona, ko babur ya kayar da su a hanyar Ɗansadau ƙashi ya huda fata ya leƙo waje. Bayan wata uku sai ka tarar ɗaya yana takawa da sanda, ɗayan kuwa yana kwance ƙafa na tsiyayar mugunya, an sayar da awaki da buhunan dawa an zuba a allurai, har an fara zancen yanke ƙafa. In ka bi diddigi, sau da yawa wanda ke kwancen shi ya fi shan magani mai tsada. Abin da ya raba su tun a yinin farko ya faru: ƙarfe nawa aka yi allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ruwa lita nawa aka zuba wa raunin, an yanke mataccen nama ko an bar shi, an ɗinke bakin ciwon ko an bar shi a buɗe.

Da 'yan'uwa ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocinmu nake magana, na Maru da Anka da Zurmi da Shinkafi da Tsafe da sauransu, waɗanda mai rauni ke fara faɗowa hannunsu kafin a kai ga Gusau ko Sakkwato. Da dangin majinyata ma nake, domin kuɗin magani a hannunsu yake, kuma su ne kan matsa wa ma'aikaci ya ɗinke.

Kafin zancen ƙwayoyin cuta, jini ne ke fara kashe mutum. A cusa tsaftataccen ƙyalle cikin ramin raunin har ya cika, a danna da tafin hannu da ƙarfi minti 10 ba a ɗagawa ana leƙe. Yawancin zubar jini haka take tsayawa. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa ya ƙi danni, sai a yi ɗauri da ƙyalle mai faɗi, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a sa kara mai ƙarfi a murɗa har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokacin a jikin ɗaurin. Igiya da waya da robar ɗaure kaya suna yanka jijiya, kada a yi da su. Ɗaurin da bai matsu sosai ba kuma ƙara zubar jini yake yi, domin ya toshe hanyar komawar jini ya bar ta zuwansa. A nan doguwar hanya ce matsalarmu. Ɗauri na awa 2 nama na jurewa, wanda ya haura awa 6 kuwa galibi gaɓar ta tafi. Saboda haka ma'aikacin da mai ɗauri ya iso wa kafin awa 2 su cika, ya cusa ƙyalle a raunin ya naɗe da bandeji mai matsi, ya sassauta ɗaurin a hankali yana kallo. In jini bai dawo ba, ya bar shi a sassauce a wurin. Wanda ya kwana da ɗauri kuma, kada a kwance masa sai inda ake da ƙarin ruwa da kayan tiyata a kusa.

Akwai allura mai araha da ya kamata a ce tana cikin kabad ɗin kowane ɗakin gaggawa, sunanta a jikin kwalba tranexamic acid. Tana hana gudan jinin da jiki ya haɗa narkewa. Binciken CRASH-2 da aka fitar a 2010 ya gwada ta a kan masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya. Cikin waɗanda aka yi wa, kashi 14.5 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 16. Da aka sake duba alƙaluman ta fuskar lokaci sai abin ya fito fili. Waɗanda suka samu cikin awa ɗaya, mutuwa ta zubar jini ta sauko daga kashi 7.7 zuwa 5.3. Tsakanin awa 1 da 3 ma akwai amfani. Bayan awa 3 kuwa mutuwar ƙaruwa ta yi, kashi 4.4 maimakon 3.1. Ma'auninta ga babba giram 1 ta jijiya a cikin minti 10, sannan wani giram 1 a cikin ledar ruwa ya ɗiga tsawon awa 8. In an tura ta da sauri awon jini kan faɗi. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, allurar ta ƙaramin asibitin farko ce, domin wanda aka ɗauko daga daji kafin ya isa Gusau awa 3 ta daɗe da wucewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai an ajiye ta tun kafin a buƙace ta.

Wani abin da ke cin lokaci shi ne jiran takardar 'yan sanda. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin harsashi ya fara masa magani ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara aiki.

To, mu zo kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Karayar da ƙashi ya haɗu da iska, ko da hudar ba ta fi kan tsinke ba, ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga. Likitocin ƙashi na raba ta uku bisa tsarin Gustilo da Anderson na 1976: ta farko huda ce ƙasa da santimita 1 mai tsafta, ta biyu daga santimita 1 zuwa 10 ba tare da nama ya dagargaje sosai ba, ta uku kuwa ita ce mai babban rauni, ko mai datti da yawa, ko wadda ƙarfi mai tsanani ya haddasa. Harsashin bindigar yaƙi a ta uku yake, komai ƙanƙantar ƙofar da ya shiga, haka ma raunin gona da ƙasa da taki suka shiga. A 1989 Patzakis da Wilkins suka duba irin wannan karaya 1,104 a Amurka. Waɗanda aka yi wa allurar farko cikin awa 3, kashi 4.7 ne ciwonsu ya ruɓe, waɗanda aka jinkirta wa kashi 7.4. Wani binciken na 2015 kan karayar ƙwauri mai tsanani ya nuna haɗarin na tashi da an wuce minti 66. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙashi na Birtaniya ta ce a yi allurar cikin awa ɗaya da samun rauni. Ba a jiran hoton ƙashi, ba a jiran likita ya dawo daga tiyata, ba a jiran a tura majinyaci gaba.

Maganin da aka fi dogara da shi cefazolin ne, giram 2 ta jijiya ga babba duk awa 8, yaro kuma miligiram 30 ga kowane kilo. Inda babu shi, cefuroxime giram 1.5 ko co-amoxiclav giram 1.2 na maye gurbinsa. Karaya ta uku ita ce ake ƙara wa gentamicin miligiram 5 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, ko a yi ceftriaxone giram 2 shi kaɗai. Gentamicin na taɓa ƙoda, don haka wanda ya zubar da jini da yawa kuma fitsarinsa ya ragu, a kauce masa da shi. In ƙasar gona ko kashin dabbobi ya shiga raunin, a haɗa da metronidazole miligiram 500 duk awa 8 ko penicillin, saboda ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iska, masu kumbura nama da iskar ruɓa. Kada a manta da tetanus mai sarƙe haƙora. Allurar rigakafinsa mililita 0.5 ce a tsoka, amma sai bayan makonni take fara kariya. Wanda bai taɓa cika rigakafi ba kuma rauninsa na da datti, sai an haɗa masa da allurar kariya ta nan take a wata gaɓar daban: ta jinin ɗan Adam awo 250, ko ta jinin doki da ake kira ATS awo 1,500 bayan an yi gwajin fata, allurar adrenaline kuma na ajiye a kusa, don ko jiki zai ƙi ta.

Duk wannan sharar fage ne. Magani ta jini yake tafiya, mataccen nama kuwa jini ba ya kai gare shi. Ko kwalba 50 za a ɗura wa mutum, tsokar da ta mutu da guntun wando da harsashi ya tura ciki da ɓarɓashin ƙasa suna nan, ƙwayoyin cuta na ninkuwa a cikinsu ba abin da ya taɓa su. Wuƙa da ruwa ne kaɗai ke fitar da su.

Aikin ana yin sa ne majinyaci na barci ko an kashe masa gaɓar, domin mai jin zafi ba zai bari a shiga lungunan rauni ba, ma'aikaci ma tausayi zai sa ya tsaya a baki. Allurar barci ta ketamine miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo ta jijiya ya wadatar a asibitin da ke da wanda ya iya lura da numfashi. A wanke fatar da ke kewaye da sabulu. A faɗaɗa raunin bisa tsawon gaɓar, sama da ƙasa, har a ga ƙarshensa, domin harsashi mai gudu kan bar ƙaramar ƙofa amma ya yi kogo a ciki. Fata ba a ɗibanta da yawa, milimita 1 zuwa 2 na bakin da ya dagule kawai. Kitsen ƙarƙashin fata da ya ɓaci a ɗebe shi ba ƙyashi. A tsaga tantanin da ya lulluɓe tsoka don ta samu wurin kumbura. Tsoka kuma da abu huɗu ake gane mai rai: launinta ja ne mai sheƙi, tana da tauri ba ta dagargajewa, tana motsi in an matse ta da hantsaki, tana fitar da jini in an yanka. Wadda ta yi duhu ta yi laushi ba ta motsi ba ta jini, a yanke ta har a kai ga mai jini. Guntayen ƙashi da suka rabu da nama gaba ɗaya a cire su, ko da za su bar giɓi, domin su ne kan zama tushen ruɓar ƙashi ta shekara da shekaru. Harsashin kansa, wanda dangi suka fi damuwa da shi, in bai shiga gaɓa ko ya danne jijiya ba, ba a bin sa da tono. Ɓarnar da ya yi a hanya ita ce abin nema.

Sannan ruwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce lita 3 ga karaya ta farko, 6 ga ta biyu, 9 ga ta uku. Ledar ruwan gishiri ta mililita 500 ce, ke nan leda 18 ga babban rauni. Wanda ya wanke da leda ɗaya da sirinji bai wanke ba. Binciken FLOW na 2015 ya duba majinyata 2,447 don gane da me ya kamata a wanke, da wane irin ƙarfi. Waɗanda aka wanke musu da ruwan sabulu, kashi 14.8 sai da aka sake musu tiyata, waɗanda aka wanke da ruwan gishiri zalla kashi 11.6. Injin feshi mai ƙarfi kuma bai fi a rataye leda ruwa ya kwararo da kansa ba. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitin da ba shi da na'ura. In kuɗin leda 18 ya gagara, a tafasa ruwan sha mai tsafta, a zuba gishiri giram 9 a kowace lita, a bari ya huce a rufe. Sifirit da ruwan haidurojin mai kumfa da aidin marar sirki, in an zuba su cikin zurfin rauni, naman da ke ƙoƙarin rayuwa suke ƙonawa. Na fata ne, ba na ciki ba. Man birki da toka da kashin shanu da garin kafso da ake barbaɗawa a gida kuwa, ƙarin aiki ne ga mai wankewa, kashin shanu ma shi ne ƙofar tetanus.

An daɗe ana cewa in awa 6 ta wuce aikin ya ɓaci. Asalin maganar gwaji ne da likitan Jamus Friedrich ya yi a 1898 a kan ɓerayen Masar da ya sa wa ƙasa a rauni. Binciken baya-bayan nan ya nuna kyawun aikin ya fi saurinsa muhimmanci, muddin an yi allurar farko da wuri. Rauni mai dattin gona ko na kwata, ko wanda babbar jijiyar jini ta yanke, nan take ake shiga da shi. Mai tsanani cikin awa 12, sauran cikin awa 24. Wanda ya iso bayan kwana 2 ko 3 ma aikin nan dai za a yi masa, sai dai za a yanke fiye da haka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗinki. Dangi na tsaye, rauni a hangame, kowa na ganin aiki bai kammala ba sai an rufe. Raunin harsashi da na gona da duk wanda ya kwana, ba a ɗinke shi ranar farko. Ɗinki na kulle ƙwayoyin cuta a wuri mai ɗumi marar iska, kumburi ya ja zaren, jini ya daina kai wa bakin fata, kwana 3 sai ga zazzaɓi da wari. Tsarin da likitocin ƙungiyar Red Cross ta duniya ke bi a wuraren yaƙi shi ne a bar shi a buɗe, a shimfiɗa busasshen ƙyallen asibiti sako-sako ba cusawa ba, a ɗora auduga mai kauri, a naɗe, a tallafe ƙashin da siminti rabi ko ƙarfen da ake kafawa ta waje, a ɗaga gaɓar. Ba a buɗewa kullum in babu dalili. Tsakanin kwana 4 da 7 a koma ɗakin tiyata. In nama ja ne yana jini ba mugunya, a ɗinke in bakunan za su haɗu ba ja, in ba haka ba a yi dashen fata. In da saura, a sake yankewa a sake jira. Fuska da fatar kai su ne aka ware, saboda yawan jininsu. Ya kamata a zaunar da babban gida tun farko a yi masa wannan bayani: Baba, barin sa a buɗe shi ne maganin, ranar kaza za mu rufe in Allah ya so. Wanda aka yi wa bayani ba ya ɗauke majinyaci cikin dare ya kai wa maɗori. Maɗora kuwa, masu sanin ya-kamata cikinsu ba sa karɓar karayar da ke da rauni. Karan ɗori in ya matse gaɓar da ke kumbura, cikin awa 6 zuwa 8 tsoka ke mutuwa. Alamar farko zafi ne da ya fi ƙarfin magani, mai tsananta in an miƙe yatsu. Bugun jini na iya kasancewa yana nan har sai aikin gama ya gama, don haka kada a dogara da shi.

Sai tsawon kwanakin magani, kuma a nan kuɗin mutane ke zurarewa. A 1988 Dellinger da abokan aikinsa suka gwada kwana 1 da kwana 5 a kan karaya mai rauni, ruɓa ta zo kusan ɗaya, kashi 12 zuwa 13. Ƙa'idar yanzu ita ce awa 24 ga karaya ta farko da ta biyu, ta uku kuma awa 72 ko awa 24 bayan rufe raunin. Wanda harsashi ko wuƙa ta huda wa hanji aka yi masa tiyata da wuri, awa 24 ta isa, ko babban hanji ne. Inda ciki ya riga ya yi mugunya, binciken STOP-IT na 2015 a kan mutum 518 ya nuna in an kwashe ta an toshe inda take fitowa, kwana 4 da kwana 8 sakamakonsu ɗaya, kashi 21.8 da 22.3 na matsala. Ceftriaxone na mako biyu don kawai hankali ya kwanta ba ya hana ruɓa. Abin da yake yi shi ne ya kashe ƙwayoyin da ke jin magani ya bar wa masu taurin kai fili.

Masu taurin kan nan sun riga sun yi yawa. Binciken GlobalSurg na 2018 ya bi majinyata 12,539 da aka yi wa tiyatar ciki a ƙasashe 66. A ƙasashe masu arziki kashi 9.4 ne wurin yankansu ya ruɓe, a ƙasashe matalauta kashi 23.2, duk da cewa a matalautan aka fi tsawaita magani bayan tiyata. Cikin ƙwayoyin da aka auna a ƙasashe matalauta, kusan kashi 36 ba sa jin maganin da aka yi wa majinyacin na rigakafi. Wani babban lissafi ya nuna a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Kowane kafso biyu da aka saya a kemis aka haɗiya don ciwon jiki, yana da kaso a wannan lissafi.

Abin da ke ƙarfafa min gwiwa shi ne binciken da aka yi da asibitocin Najeriya a ciki ya nuna ba tsada ke ceto ba. FALCON, na 2021, ya gwada sinadarin goge fata mai tsada da zaren ɗinki mai magani a kan mutum 5,788 a ƙasashe 7, bai ga sun fi aidin da zare na yau da kullum ba. ChEETAh, na 2022, ya gwada abu mai sauƙi a kan mutum 13,301: kafin a fara rufe bangon ciki, kowa ya canja safar hannu, a ɗauko sabon almakashi da hantsaki da mariƙin allura da aka ware tun farko. Ruɓa ta sauko daga kashi 18.9 zuwa 16. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 kuma ta ce allurar rigakafi kafin yanka ake yin ta, cikin minti 120, ga cefazolin an fi son cikin minti 60, a tsaya da an gama; wasu ƙa'idojin kuma sun ce a maimaita in tiyata ta kai awa 4 ko jini ya zuba fiye da lita 1.5. Kada a aske wurin da reza, domin ƙananan yankan da ido ba ya gani su ne mafakar ƙwayoyin cuta.

In ruɓa ta zo duk da haka, galibi daga kwana na 3 zuwa na 7 take bayyana: zafin da ya fara lafawa ya dawo, zazzaɓi, bugun zuciya ya haura 100, ja yana yaɗuwa, bandeji na jiƙewa da wari. A zana iyakar jan da biro a duba bayan 'yan awanni. Abin yi na farko a warware zare a bar mugunya ta fita, ba a canja allura ba. Samfurin da za a kai ɗakin awo daga zurfin nama za a yanko shi, domin shafar saman ciwo ƙwayoyin fata kawai take ɗebowa, kuma sakamako na ɗaukar awa 48 zuwa 72. Mugunya mai kore-kore da ke rina bandeji yawanci ta ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas ce, tana jin ruwan khal da aka sirka, kashi ɗaya na khal mai ƙarfin 5 cikin 100 da kashi huɗu na tafasasshen ruwa, a jiƙa ƙyalle a ɗora sau biyu a rana. Amma in fata ta fara duhu da bororo, ana jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinta in an danna, ruwa mai wari kamar na wankin nama na fita, majinyaci ya fara ruɗewa, wannan ɗakin tiyata ne a cikin wannan daren. Wanda zai tura shi Gusau ya kafa masa ruwa, ya yi masa penicillin ko ceftriaxone tare da clindamycin ko metronidazole kafin mota ta tashi, ya rubuta a takarda ƙarfe nawa aka ji raunin, ƙarfe nawa aka yi kowace allura da ma'auninta, an yi ɗauri ko ba a yi ba da tsawon lokacinsa, sannan ya buga waya can su san yana tafe su tanadi jini.